Dashen Baba Fannami

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Yau kwana goma sha bakwai rabonmu da ruwa.

Don aikin gona na sayi littafin nan, ga shi na buɗe shi da surutu. Da Malam Abdulmannan yana tsaye da ƙafarsa, da ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Dibora, abin da dawa ta yi za ki rubuta, ba abin da ranki ya yi ba." To, Malam ba ya tsaye. Tun Larabar nan da ya sunkuya zai gyara turke a layi na shida ya yanke jiki ya faɗi, ni da mai gonar muka cicciɓe shi zuwa bakin titi. Iyakar abin da zan rubuta game da ranar ke nan.

Shekara tara ina bin bayansa da ambulan da biro. Ya ɗauki dawarmu kaura ta nan ya haɗa ta da wata gajeruwar dawa da ya samo a hannun wata tsohuwa can arewa da garin Malam Madori, yana neman wadda za ta jure ƙishi da zafi kuma ta cika rumbu. Jikokin jikokinsu muka shuka bana, layi ashirin da huɗu. Duk uwa ɗaya uba ɗaya, ko ni da na raine su ba na iya raba su da ido. Turke mai lamba da ke bakin kowane layi shi ne sunansu.

Ta layi na sha tara Malam ya ɗora wa rai. Hali ɗaya ya fitar da ita daban. In rana ta take takan naɗe ganye kamar tabarma, da la'asar ta warware shi kore shar. 'Yan uwanta ma suna naɗewa, amma in ƙishi ya yi tsawo ba sa warwarewa. Yau na zauna har la'asar ina kallo. Sha tara ta buɗe. Sha bakwai da ashirin rabinsu sun tafi.

Alhamis, 11 ga Yuli, da hantsi

Na sake buɗe ambulan ɗin irin sha tara, sai ka ce ban san abin da ke ciki ba. Ko ƙwaya ɗaya babu.

Zafin sito ya dafa irin. Na gwada goma a jiƙaƙƙen tsumma, uku suka tsiro, shi ya sa na zuba duka a ƙasa. Malam ya ce a rage ko cikin tafin hannu ne. Na ce in mun rage, baɗi gawa za mu tarar. Ya bar ni. Ni na ce a zuba duka. Bari in rubuta don kada wata rana in manta wanda ya faɗa.

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Baba Fannami shi ne mai gonar. Bana muka fara aron ta a wurinsa, don filin ofishinmu ciyawar kacala ta cinye shi, ta toshe magudanar ta tsaya a kai kamar gadon ubanta. Tsoho ne dogo, mai zanen Barebari a fuska, ya haura saba'in amma ya fi ni saurin tafiya a kan huɗa.

Ya tarar da ni ina ƙirga matattu ina rubutawa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon guraben da suka mutu.

"Malama, gona da gurbi ai baki ne da giɓi. Ni tunda nake ban taɓa barin gurbi a gonar nan ba."

Na yi dariya na ce, "Haka ne, Baba."

Ban gaya masa cewa giɓin muke nema ba, cewa mu wanda ya mutu ma labari yake ba mu. Malam ya ce shi zai zaunar da shi ya yi masa bayani, dattijo da dattijo. Bai samu yi ba. Ni kuwa yaya zan buɗe baki in koya wa sa'an ubana noma a gonarsa?

Litinin, 15 ga Yuli, da azahar

Wasiƙa ta zo daga manyanmu na ofis. Kwamiti zai zo ranar ashirin da biyu ga Agusta. Ko mu nuna musu layi guda da lambarsa, tsaye a ƙasa, ko a rufe aikin. Sun yi wa Malam fatan samun sauƙi a layin ƙarshe.

Babu hadari.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan magariba

Na je gidan Malam. Matarsa, Hajiya Mardiyya, ta jingina shi da matashi a ɗakin zaure. Hannun hagu ne kawai ke motsi. Da ya gan ni ya ɗaga gira, na gane tambayar.

Na ce, "Tana nan, Malam. Tana naɗewa tana buɗewa."

Gefen bakinsa ɗaya ya motsa.

Gobe za a kai shi Kano. Hajiya ta riƙe hannuna a soro ta ce, "Dibora, ki raka ni. Ke kike jin turancin likitocin nan, ni kai kawai nake gyaɗa musu." Ina zan ce a'a? Na biya ta gona kafin in zo gida, na ce wa Baba Fannami, "Baba, zan yi kwana uku ko huɗu. Ga gona nan, amana."

Ya ce, "Je ki, Malama. Kamar kina nan."

Juma'a, 19 ga Yuli, da yamma, Kano

An bugo wa Hajiya waya daga gida, wai ana ruwa a Haɗeja kamar da bakin ƙwarya. Abin da likita ya faɗa kuwa, na fassara mata rabi.

Litinin, 22 ga Yuli, ƙarfe uku

Ban san ta inda zan fara ba.

Daga tasha ko gida ban je ba, na hau acaɓa zuwa gona. Tun daga titi na ga abin da ban gane ba. Gonar ta cika. Tudun nan da na bari duk giɓi, layi na ɗaya zuwa na goma sha biyu, yanzu ko gurbi ɗaya babu. Gangaren kuma, inda sha bakwai zuwa ashirin da ɗaya suke, ya zama tafki, kan turaku kawai ake gani. Da ƙuri'a muke raba wa layuka wuri, dokar Malam ce, kuma ƙuri'a ce ta jefa sha tara a gangare.

Baba Fannami ya taho yana murmushi, ƙafarsa ɗaya ɗaure da tsumma. Ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ruwan Juma'a ya rasa hanya saboda kacala, ya juyo ta fadama ya fara hawa gangaren. Asabar da safe ya kai gwiwa. Ya shiga shi kaɗai, ya tuge duk mai rai da hannunsa ya taɓa a layukan nan biyar, ya haɗa su dami ɗaya ya ɗora a ka. Ya fito da su tudu, ya datse musu kan ganye yadda ake yi wa dashe, ya bi gurbi-gurbi yana cikewa. A cikin ruwan ne kwalba ta yanke shi.

Na ce, "Baba, waɗanda ka tuge a layin tsakiya, a ina ka sa su?"

Ya ce, "Duk inda na ga giɓi. Ai duk dawar Malam ce. Saba'in da ɗaya, ko ɗaya ban bar wa ruwa ba."

Ya tsaya yana jiran abin da zan ce. Na kalli tsumman ƙafarsa, jini ya huda shi ya bushe. Na durƙusa na ce, "Sannu, Baba. Allah ya saka da alheri."

Abin da na ce ke nan.

Sha tara tana raye, tana cikin saba'in da ɗayan nan, kuma ban san ko wacce ce ba.

Talata, 23 ga Yuli, da safe

Gideon ya kira daga Jos, ban ɗauka ba. Na san abin da mijina zai ce. Shekara biyu yana faɗar abu ɗaya, in bar aikin nan in koma wurinsa.

Laraba, 24 ga Yuli, ƙarfe biyu

Akwai hanya ɗaya. Na juya ta na juya, ita ce dai.

Dashen ana gane su, don an datse musu ganye. In suka kama ƙasa, sannan aka yi kwana goma cif ba ruwa, sha tara za ta nuna kanta da la'asar, 'yan uwanta su kasa. Sai in ɗaura wa kowace jan ƙyalle, in kwamiti ya zo in ce ga ta. Na yaga tsohon zanina ja na yi ƙyallaye, suna cikin jaka.

Wato fari nake bukata. Na rubuta shi na zauna ina kallon kalmar.

Lahadi, 28 ga Yuli, bayan sujada

Tun ruwan Juma'ar nan ba a ƙara ko ɗigo ba. Fasto ya sa muka tashi tsaye don addu'ar ruwa. Matar da ke gefena, wadda ta shuka gero a Miga da 'ya'ya huɗu a wuyanta, tana amin har muryarta na rawa. Ni na motsa leɓe kawai.

Ubangiji ya ji ni, wannan na sani. Ina jin kunyar kaina.

Laraba, 31 ga Yuli, da azahar

Babu hadari. Dashen sun miƙe.

Asabar, 3 ga Agusta, bayan magariba

Gidan Malam. Ya rame, idon ne kawai nasa na da. Ya ɗaga gira.

Na ce, "Tana nan."

Ya ci gaba da kallona. Malam shekara tara yana gane ranar da na ƙirga da ka ban auna ba. Na sunkuya ina gyara masa bargon da ba abin da ya same shi, har Hajiya ta shigo da kunu.

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe biyar

Wani abu ba daidai ba ne.

Kwana goma sha takwas ba ruwa. Gonakin maƙwabta sun yi launin toka, geron bakin titi ya sunkuya. Layukanmu na tudu, waɗanda ba a taɓa ba, sun naɗe sun ƙi buɗewa. Amma dashen, duka saba'in da ɗaya, ko naɗewa ba su yi ba. Kullum ƙarfe sha biyu nake zuwa, in zauna cikin ranar nan mai narka ƙwaƙwalwa har la'asar da jan ƙyalle a cinya kamar mahaukaciya, su kuwa suna tsaye suna ta sheƙi.

Har na fara raya wa kaina ko duk sha tara ne. Ƙarya ce, na sani, layinta bai kai arba'in ba tun farko. Amma na ji daɗin ƙaryar har na yi minti biyar da ita.

Juma'a, 9 ga Agusta, da hantsi

Mutanen gari sun fita roƙon ruwa. Na tsaya a bakin shagon Kolo mai shayi suka wuce, tsofaffi da riguna a juye, ba mai magana. Baba Fannami yana ciki, yana ɗingishi.

Na ce a raina, kwana kaɗan kawai, ku yi haƙuri. Ji abin da na zama.

Litinin, 12 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Dole in rubuta wannan.

Yau na yi sammako, ban ma san dalili ba. Rana ba ta gama fitowa ba na isa. Na hango shi daga nesa yana hawowa daga tafkin gangare, garwa biyu a sanda a kafaɗa, yana jan ƙafa. Ya sauke, ya durƙusa gindin dashe, ya zuba rabin ƙoƙo, ya jawo busasshiyar ƙasa ya rufe don kada rana ta sha. Ya matsa na gaba. Shi ya sa ban taɓa ganin danshi ba.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Bai ko ɗago ba. "Tun ranar da na dasa su. Dashe ai jariri ne, Malama, ba a barinsa da ƙishi. Bayan asuba nake yi, kafin ki zo na gama."

"Tattasanka fa?" Yana da ɗan lambun tattasai a gefen tafkin, shi ne cefanen gidansa.

"Ya tafi. Gadon bayana ba zai ɗauki biyu ba. Tattasai nawa ne, in ya mutu ba wanda zai tambaye ni. Wannan kuwa amana kika ce."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na zauna a ƙasa a gabansa na gaya masa komai, abin da ya kamata in faɗa wata guda da ya wuce. Turaku da lambobi, giɓin da muke ƙirgawa, ambulan ɗin da ba kowa a ciki, kwamiti, kwana goma na ƙishi. Ban ɗaga murya ba. Da na ɗaga ma da ya fi sauƙi.

Ya ajiye ƙoƙon a hankali.

"Wato so kuke ku ga wadda za ta rayu in an ƙyale ta."

"E, Baba."

"Ni kuma na hana."

"Ba laifinka ba ne. Ni ce ban faɗa ba."

"Ranar da na nuna miki dashen, kin san haka?"

"Na sani."

"Kika ce mini Allah ya saka da alheri."

Ya kalli garwar da ta rage da ruwa, ya kalli dashen da ke gabansa wanda bai kai ga ba shi ba. Ya ce, "'Yar nan, da kin zage ni ranar, da tattasaina yana nan." Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ɗauki garwar ya koma gangare ya juye ruwan a tafki.

Daga yau zuwa ranar kwamiti kwana goma ne cif.

Laraba, 14 ga Agusta, da la'asar

Bai ba su ruwa ba. Amma yana zuwa. Yakan zauna can ƙarƙashin giginya ya juya wa gonar baya, yana jan carbi. Na gaishe shi, ya amsa, iyakarta ke nan.

Babu hadari.

Juma'a, 16 ga Agusta, ƙarfe biyar

Kwana huɗu. Yau da rana ta take sun fara naɗewa, duka, a karo na farko. Da la'asar duk sun buɗe, don har yanzu akwai sauran danshin Baba a gindinsu. Amma wasu sun riga wasu, na ga haka da idona, wajen ashirin sun buɗe tun inuwa ba ta kai turke ba. Na ciro ƙyalle ɗaya, na mayar. Riga buɗewa ba shaida ba ce, Malam zai ce in jira sai sauran sun kasa. Kwana huɗu ko biyar nan gaba.

Baba ya taso ya tsaya a bayana, karo na farko tun Litinin. Ya ce, "Waccan ta ƙarshen layi, ita ta fara." Na ce na gani. Muka tsaya tare muna kallo.

Na kira Gideon da kaina. Na ce masa wataƙila zan koma.

Asabar, 17 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Gabas ta yi baƙi.

Lahadi, 18 ga Agusta, da hantsi

Ruwa ya fara jiya kafin magariba, bai tsaya ba sai da gari ya waye. Mata suna guɗa a unguwarmu, an fito da kowane bokiti da baho. Matar nan mai gero a Miga ta rungume ni a ƙofar coci tana kuka tana dariya. Na rungume ta ni ma. Da gaske na yi mata murna, ban san zuciya na iya ɗaukar abu biyu haka ba.

Ban shiga sujada ba, na wuce gona. Ƙasa ta sha har ta ƙoshi, in ka taka sai ta riƙe takalmi. Saba'in da ɗaya suna tsaye kore shar, kamanninsu ɗaya, har da ta ƙarshen layi. Ko an ɗauke ruwa daga yau, ƙasar nan ba za ta bushe kafin Alhamis ba. Gabas kuma ta sake haɗowa.

Baba Fannami yana can. Bai yi mini barka da ruwa ba, ni ma ban yi masa ba. Ya ce, "In sun rufe aikin, wa zai girbe?" Na ce ban sani ba. Ya ce to shi zai girbe, ya rataye kawunan a ɗakin girki inda hayaƙi ke bugu, baɗi ya shuka su a tudu, kuma ba zai ba su ko ɗigo ba. Na ce, "Baba, ba za a rubuta sunan Malam a kai ba." Ya ce ya sani. Na ciro ƙyallayen daga jaka na miƙa masa, ya cusa a aljihu.

Ina hanyar dawowa Hajiya Mardiyya ta kira. Ta ce tun jiya da Malam ya ji ruwa a kan kwano yake nuna ƙofa da hannun hagu, ya ƙi kunu, ya ƙi magani.

"Na san gonarsa yake tambaya, Dibora. Ga shi yana kallona. Me zan ce masa?"

Na tsaya a gefen titi, acaɓa ya watsa mini ruwan kwata a zani.

Na ce, "Hajiya, ki ce masa duk sun rayu."

Na ji ta tana faɗa masa da murna. Daga nan ta dawo kan wayar, ta ce, "To me ya sa ya juya fuska bango?"